Ranar da Na Gudu da Batiran Zuciyar Taubashina

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kabu-kabu ne, wato mai haya da babur, a Birnin Konni, na haura arba'in da kaɗan, ina jigilar mutane tsakanin tasha da bakin iyaka daga safe har faɗuwar rana. Duk wanda ya san ni ya san ni da barkwanci. In na zauna a majalisa sai an yi dariya, ko da kuwa a kan wani za a yi ta. Mutane na cewa ba ni da damuwa, ni ma na yarda da su, don ban taɓa zama na leƙa abin da ke ƙarƙashin dariyar ba. Na rubuto wa mujallar nan ne saboda akwai maganar da na shekara uku ina yawo da ita a ciki, kuma a garinmu babu wanda zan iya faɗa wa ita ido da ido. Ba zan kama sunan kowa ba, nawa ma ku yi mini afuwa in ɓoye shi.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wato ɗan yayan mahaifiyata. Wata biyu ne tsakanin haihuwata da tasa, a wani ƙauye cikin karkarar Bazaga. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka sha bulala a makarantar allo. Shekarar da masu ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, suka zo garinmu, iyaye suka shiga ɓoye 'ya'yansu kamar yadda aka saba a wancan zamani. Innata ta jefa ni cikin rumbu ta rufe, na wuni ina susa cikin ƙaiƙayin gero. Shi kuwa an aike shi ɗebo ruwa, aka tare shi a bakin rijiya aka rubuta sunansa. Ranar an yi kuka a gidan kawu kamar an yi rashi, a gidanmu kuma aka yi ta hamdala, kuma na daɗe ina yi masa gori cewa ni ne mai wayo. Daga lakwal ɗin ƙauye ya wuce Konni, daga Konni sai Yamai, daga can aka tura shi Turai karatun injiniya, ya samu aiki ya zauna. Ni kuwa mai wayon rumbu, daga gona sai amalanken jaki, daga amalanke sai babur.

Ban riƙe shi a rai ba a wancan lokacin, ko kuma ban san na riƙe shi ba. In ya zo hutu muna shan wasanmu na taubasai. A wajenmu ɗan mace ne ke bin ɗan namiji shara. In watan cika-ciki ya kama, ina da ikon in fizge hularsa ko agogonsa a bainar jama'a in ruga, ba zai sake ganin abinsa ba sai ya fanshe shi da goro ko wata 'yar kyauta. Ba a fushi, ba a kai ƙara, wanda ma ya ɓata rai shi za a mayar abin dariya. Akwai shekarar da na kwashe masa takalmi a ƙofar masallaci, ya taka har gida da ƙafa yana zagina yana dariya, dattawa na yi masa tsiya.

Abin da ya canza ni shi ne rasuwar matata. Bayan haihuwarta ta huɗu ƙafafunta suka kumbura, muka ce na jego ne, zai saɓe. Bai saɓe ba. Sai numfashi ya fara yi mata wuya, ta kai ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Na kai ta asibiti a Konni, aka tura mu Tawa, likita ya duba hoton ƙirjinta ya ce zuciyar ta buɗe ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Aka ba mu ƙwayoyin da ke sa fitsari, aka hana ta gishiri da kanwa. Ta ɗan samu sauƙi, ciwon ya dawo, muka koma, ya sake dawowa. Zuwanmu na ƙarshe likitan ya ja ni gefe ya ce mini abin da suke da shi a nan sun yi, sauran sai addu'a. A jikina ta cika, tana zaune ta jingina da ƙirjina, tana jan numfashi da wani irin sauti mai kurɓi-kurɓi wanda har gobe ban manta shi ba. Jaririyar ta rayu, tana hannun innata.

Shekara biyu bayan haka aka aiko cewa taubashina ba shi da lafiya a Turai. Na yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Sai wata rana na je ƙauye na tarar da inna tana ba mata labari, bakinta har kunne, wai likitocin can sun sa wa ɗan yayanta inji a zuciya ya miƙe yana tafiya da ƙafarsa. Na tambaye ta wane irin ciwo ne ya kama shi. Ta ce ai zuciyar ce ta buɗe ta gaji, ƙafafu suka kumbura, ba ya iya kwanciya. Ta faɗi haka kawai ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta ma lura da abin da ta faɗa ba. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ashe ciwon yana da abin yi. Ashe da likitan Tawa ya ce abin da suke da shi a nan, wannan "a nan" ɗin ita ce maganar. Tun daga ranar, in na tuna taubashina sai in tuna rumbu, in tuna bakin rijiya, in ce da ni aka aika ɗebo ruwan nan da uwar 'ya'yana tana raye. Na san saɓo ne, na yi ta istigfari, amma tunanin bai bar ni ba.

Da damina ya samu izinin likitocinsa ya zo gida na 'yan kwanaki shi da matarsa, don kawu ya tsufa ƙwarai yana ta kiran sunansa. A Konni suka sauka, a wani gida mai wutar sola da injin wuta, saboda ƙauyenmu ba lantarki. Ni ya fara nema. Ya rame, amma yana tafiya, yana dariya, har yana tsokanata cewa na yi tumbi a kan babur. Da muka keɓe ya ɗaga riga ya nuna mini komai, kamar yadda mutum zai nuna wa ɗan'uwansa. Wata 'yar waya ce ta fito daga gefen cikinsa, an rufe wurin da bandeji, ta shiga wani ɗan akwati da ke ɗaure a ƙugunsa, da batir biyu rataye hagu da dama. Ya ce famfo ne ƙarami aka dasa a jikin zuciyar, yana jan jini yana turawa ba tsayawa, don tata ƙarfin ya ƙare. In zai yi barci a wutar jikin bango ake jona shi, in zai fita kuma batiran ke riƙe da shi na wasu awanni. Sannan ya jawo wata baƙar jaka ya zuge ta a gabana, ya nuna mini batiran canji da wayar da ake jonawa a mota, ya ce wannan jakar ko bayan gida zai shiga tana kusa da shi, don in wuta ta ƙare famfon tsayawa zai yi. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na ɓoye wa kowa. Na san abin da ke cikin jakar.

Kwanakin nan gidan bai rabu da mutane ba. Labari ya bazu cewa ga mutumin da jijiyar hannunsa ba ta bugawa amma yana cin tuwo, don famfon ba bugu yake ba, gudu yake yi kawai. Kowa na son ya taɓa ya ji da kansa. Ana ta kabbara, ana cewa Allah ya so shi da rahama. Ni ke sayo man injin wuta, ni ke ɗauko baƙi, ina murmushi. In na ji an ce Allah ya so shi sai in tambayi kaina, to ita fa? Innata da kanta, wadda ta yi wa matata wankan gawa, ta zo daga ƙauye ta zauna tana yi masa fifita tana kiransa ɗan gatan Allah. Hassada ce nake yi, tsagwaronta, kuma da mara lafiya nake yin ta.

Ranar goma ga watan cika-ciki aka shirya kai shi ƙauye ya wuni da kawu. Da safe na je rakiya, ya ce mini a kan batir ya kwana don wuta ta ba su matsala, waɗanda ke jikinsa sun yi rabi, bayan azahar zai canza su da na jaka. Da bakinsa ya faɗa mini. Suka shiga mota da direba, na bi su a babur. A ƙauye aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gidan kawu, gari ya taru, matarsa ta shiga cikin gida wajen mata. Ana ta raha, sai wani ya tuna cewa yau ranar shara ce, ya tambaye ni ko na yafe wa bature ne bana. Aka kwashe da dariya. Taubashina ya tuɓe hularsa ya miƙo mini yana murmushi, ya ce in ɗauka in huta da gudu. Na kalli hular, na kalli baƙar jakar da ke gefen ƙafarsa. Na tsallake hular na sunkuci jakar.

Ya ɗaga murya ya ce in ajiye, ba abin wasa ba ce. To ai duk wanda aka ƙwace wa abu haka yake cewa. Ya yunƙura zai tashi, sauran taubasai suka dafe masa kafaɗu suna cewa sai ya biya, yau ba Turai ba ce. Yana ƙara rantsuwa suna ƙara shewa, har kawu da ba ya gani sosai yana dariya yana cewa a bar yara su yi zumuncinsu. Kafin in tada babur na waiga sau ɗaya, muka haɗa ido. Ba ya kallon jakar, ni yake kallo. Na murɗa na bar garin, na bi hanyar Alela, na tsallaka kwarin da ke tsakaninmu da ƙauyen gaba yana busasshe, na tsaya a rumfar wani mai shayi na kashe wayata.

Ban yi niyyar kashe shi ba, Allah shi ne shaida. Na ƙudurta zan koma kafin la'asar. Amma kada in yi wa kaina kwalliya, abin da nake so shi ne ya ji tsoro. Ina so ya zauna a ƙauyenmu, inda ba wuta ba likita, ya ji ransa na tafiya kaɗan-kaɗan ba abin da zai iya, kamar yadda matata ta ji. Ina so ko na awa biyu ne ya zama irinmu. Na sha shayi kofi uku, jakar na kan cinyata, har ina ba mai shayin labarin yadda na ci bature. Ban lura da hadarin da ya haɗo daga gabas ba sai da iska ta fara ɗaga rumfar.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ce bari ya ɗan tsagaita, bai tsagaita ba, la'asar ta yi yana zuba. A nan gabana ya fara faɗuwa, na kunna waya. Ko minti ɗaya ba a yi ba kira ya shigo, matarsa ce. Ba ta zage ni ba. Ta tambayi inda nake, ta ce direba ya gwada hanyar Konni don ya ɗauko wasu batiran, ruwa ya yanke ta ya dawo. Ta ce batir ɗaya ya mutu, ɗayan na kan ƙarewa, injin ya rage gudu don ya tattala abin da ya saura. A bayan muryarta ina jin akwatin ƙugunsa yana ƙara ba ƙaƙƙautawa, a ƙarƙashin ƙarar kuma ina jin numfashinsa. Wannan sautin ne, shi ɗin dai, wanda na ji a ƙirjina ranar da matata ta cika. Abin da na fita nema ke nan, ga shi na samu.

Na roƙi mai shayi ledojin burodi na naɗe jakar sau uku, na hau babur cikin ruwan. Da na iso kwari na tarar ya cika ya batse, yana gudu da itatuwa da karan gero. Mutanen da suka fake a bakin wurin suka ce kada in kuskura, in jira ya sauka. Na jefar da babur a nan, na ɗora jakar a ka na riƙe da hannu biyu na shiga. Ruwan ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya wani kututture ya buge ni a haƙarƙari na durƙusa har na sha ruwa, amma hannuna bai sauka ba. Ban san yadda na fita ba. Sauran hanyar da gudu na yi ta cikin laka, ba takalmi, ina kiran sunan Allah ina kiran sunansa.

A zaure na same shi, an jingina shi da bango, leɓɓansa sun canza launi, gumi na keto masa, mutanen da suka danne shi ɗazu sun yi cirko-cirko. Matarsa ta fizgi jakar ta yage ledojin, ta cire mataccen batirin ta jona sabo, sannan ta canza ɗayan. Ƙarar ta tsaya. Muka zuba masa ido har numfashin ya fara daidaita. Sai ga inna ta faɗo kaina tana kuka, tana cewa a dubi yadda ɗanta ya sayar da ransa saboda ɗan'uwansa. Wani ya tambaya ko dama na san abin da ke cikin jakar. Kafin in buɗe baki taubashina ya ɗago hannu da ƙyar ya ce laifinsa ne, bai taɓa gaya mini ba, na ɗauka turare ne da tsaraba. Aka ce ai shi ke nan, wasa ne ya zo da tsautsayi. Matarsa kaɗai ta ɗago ta dube ni, kuma daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba.

Kwana uku bayan haka, ana gobe za su tafi, ya aika aka kira ni da hantsi, ya sallami kowa. Na fara kame-kame ya ce in bari, ya ga fuskata lokacin da na tsallake hular. Ya ce ya san saboda matata ce. Ya ce ranar da likitoci suka gaya masa sunan ciwonsa ita ya fara tunowa, kuma tun da aka sa masa injin kunyar haɗa ido da ni yake ji, shi ma bai san me ya sa shi ya samu ita ba ta samu ba. Sannan ya gaya mini abin da bai gaya wa masu zuwa kallo ba. Injin ba warkewa ba ne, jira ne, yana jiran wani ya mutu a ba shi zuciyarsa, kuma yana jin nauyin roƙon Allah wannan. Kullum sai an wanke ramin cikinsa don kada ya ruɓe, ɗan yanka kaɗan jini ya ƙi tsayawa saboda magungunan da yake sha, rabonsa da ya kwarara ruwa a jiki yadda ransa ke so tun kafin aikin. Ba zai iya zama a gida ba ko yana so, zuwan nan ma bankwana ya zo yi da kawu. Ya ce da ya ji na ratsa kwari ruwa har ƙirji, shi ma sai da ya ji kishina.

Daga nan ya ce in ba shi hannuna. Na ɗauka musafaha za mu yi. Sai ya juya shi ya ɗora yatsunsa biyu a kan jijiyar wuyan hannun, ya rufe ido. Ya ce in yi haƙuri in bar shi ya ɗan ji, ya kwana biyu bai ji wannan ba. Muka zauna haka, hawaye na zubo mini, shi yana sauraron bugun da nake yawo da shi kyauta ban taɓa ce wa Allah na gode a kansa ba. Da ya sake ni ya cire hularsa ya kifa mini a ka, ya ce ga sharata ta bana.

Bai ga wani watan cika-cikin ba. A can ya rasu yana jira, a can aka rufe shi. Ban sani ba ko wunin nan ya rage masa wani abu, kuma ba ni da fuskar da zan tambayi matarsa. Har yau inna na ba 'yata labarin yadda ubanta ya ratsa ruwa da jaka a ka, yarinyar na kallona da alfahari, ni kuwa sai in tashi in bar wurin.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zuwa da fuskarta. Tawa ta zo da rigar wasa, ta samu al'ada ta laɓe a bayanta, gari guda ya taya ta da dariya ba wanda ya sani. Ina roƙon masu karatu, in mara lafiya ya ce muku abu ba na wasa ba ne, ku sake shi nan take, ko watan shara ne, ko shi taubashinku ne na jini. Wanda kuma aka jarabta da rashi irin nawa, ya nemi wanda zai faɗa wa zafin da yake ji tun bai zama wani abu ba, kada ya ɗora wa wanda ya rayu laifin wadda ta mutu. Ni na samu wanda ya rufa mini asiri yana tsakiyar neman numfashi, ba kowa zai samu ba. Ku sa shi a addu'a, ku sa ta, ni ma in kun ga dama. Hular tana nan rataye a ɗakina, ban taɓa iya sa ta ba.